Ƙullin Babanmu A Jikin Wayar Kamfani

Ni mai mantuwa ce, ko cefane na je sai na dawo babu abu ɗaya. Amma satin da aka kawo sabuwar manhaja kamfanin casar shinkafar da nake aiki a Gashuwa, wannan kam ba zai taɓa fita daga kaina ba. Ko na yi niyyar mantawa, 'yan gidanmu na Nguru ba za su bari ba.

Tun kafin a yi komai ina yawo da wata fargaba a ƙirjina, kuma fargabar sunanta Yagana. 'Yata ce ta fari. A lokacin ta gama rarrafe ta fara dafa bango tana miƙewa, kuma duk abin da hannunta ya kai bakinta zai tafi: takalmi, murfin biro, wutsiyar mage in ta samu. Ni kuwa shara da goge-goge nake yi a ofisoshin kamfanin, wurin da duk inda ka juya wayar lantarki ce ko ta kwamfuta. Yayana Modu (Ya Modu muke ce masa) shi ke kula da kwamfutar siton kamfanin da ke Nguru, shi ya roƙa mini aikin bayan ruwa ya cinye wa mijina gonar tattasai. Ba ni da mai riƙe mini yarinya, uwar mijina ciwon ƙafa ya hana ta sakat. Ranar farko Manaja ya dube ni, ya dubi goyon da ke bayana, ya ce, "Ba ma ɗaukar mai goyo. Albarkacin Modu na yarda. Amma ranar da aka ɓata mana wani abu, ranar za ku koma gida ke da ita."

Daga nan ban ƙara samun natsuwa ba. Ina shara ido ɗaya a kan tsintsiya, ɗaya a kan Yagana. In na ji wani ya ja tsaki a ofis sai in kai hannu in shafa bayana in tabbatar tana nan. (Mijina ya ce har cikin barci ina cewa "bari, bari, ajiye". Ban musa ba.) Tsorona biyu ne: ko ta ja waya wuta ta kama ta, ko ta ja waya a kore ni. Wani lokacin ban san wanne ya fi hana ni cin abinci ba.

Akwai wani ɗaki a ƙarshen ofisoshin da muke kira ɗakin sanyi. Nan manyan na'urorin kamfanin suke, cikin wata doguwar durowar ƙarfe mai ƙugi kamar firiji, kuma esi, na'urar sanyaya ɗaki, ba ya mutuwa a wurin ko an ɗauke wuta, don wai su ba sa son zafi. Mu mutane muna waje muna narkewa, ƙarafuna suna ciki suna hutawa. Lokacin bazara ne, ana girbin shinkafar rani, irin zafin Gashuwa da ko kwalta ka taka sai ta riƙe maka silifa. To ni nake goge ɗakin kowace safiya, don haka nakan shimfiɗa wa Yagana zani a kusurwa ta yi barcinta mai daɗi kafin in gama. In gaya muku gaskiya, ɗakin nan ya fi kowane ɗaki shan guga. Wuri ɗaya sai in goge shi har ya fara kallona.

Sai aka turo mana Madam Rifkatu daga Jos. Injiniya ce, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana, amma ranar da ta fara ganin Yagana a kwance a kusurwa cewa ta yi, "Maman Yagana, bar ta ta kwanta, zafin garinku ba na yara ba ne." Tun daga nan ta shiga raina.

Ina goge ƙasa na ji tana yi wa Manaja bayanin abin da ya kawo ta. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma kunnena ba ya barin magana ta faɗi ƙasa.

"Oga, manhajar nan aikinta tambaya ne," in ji ta. "Kullum za ta tambayi kwamfutar sikeli, ta tambayi ta sito, ta tambayi ta Nguru: kaya nawa ya shigo, wuri nawa ya rage, kin kusa cika? Har su kansu na'urorin za ta tambaye su ko nauyi ya yi musu yawa. Sai ta lissafa ta gaya maka tun da wuri inda za ka buƙaci ƙari, kafin motoci su cika maka ƙofa."

"To ta tambaya mana," in ji Manaja. "Wa ya riƙe mata baki?"

"Maigadi. Akwai maigadi a cikin na'urar, ba ya barin saƙo ya wuce sai ta ƙofar da aka buɗe masa. Kowace ƙofa da lambarta, kuma da irin yaren da ake yi a bakinta. Ta ɗari huɗu da arba'in da uku, ta rufaffen saƙo ce. Ta ɗari da sittin da ɗaya, ita ake bi a tambayi lafiyar na'ura. In na buɗe a nan, ba a buɗe a Nguru ba, kamar ban yi komai ba ne. Yau da yamma zan buɗe na nan, Modu kuma ya buɗe na can."

Na ji daɗi har cikin raina da aka ambaci Ya Modu a cikin babbar magana irin wannan. Na fahimci dai ƙofofin nata ba na gani da ido ba ne, a cikin kwamfuta suke, ba ruwan tsintsiyata da su. Na ci gaba da gugata.

Yanzu sai na gaya muku gidan da na fito, in ba haka ba za ku ce hauka ne ya kama ni. Babanmu masunci ne a Nguru. Mun tashi muna gyaran koma da taru a tsakar gida, maza da mata, kowa da zarensa. Kuma a wurin Baba babu laifin da ya kai ka bar bakin zare yana lilo. Kana iya fasa tulu ya yafe, amma ya ɗaga koma ya ga bakin zare a sake, ranƙwashi ne ba tambaya. Duk bakin zare sai an mayar da shi inda zai kama, a ƙulle shi da wani ƙulli nasa na musamman, wanda ruwa ba ya kwancewa, ja ba ya kwancewa, sai wanda ya san inda ake taɓawa. Wannan tarbiyya ta bi jinina. Har yau ba na iya wuce igiyar shanyar maƙwabta in na ga bakinta na reto. Sai na tsaya na gyara, ko ba a sa ni ba. (Yawanci ma ba a sa ni ba.)

Washegari da sassafe na shiga ɗakin sanyi, na kwantar da Yagana, na durƙusa zan goge ƙarƙashin tebur. Can ciki, bayan ƙafar teburin, akwai wani ƙaramin akwati mai ramuka a jere da 'yan fitilu kore, duk ya yi ƙura, da alama an manta da shi. Wayoyi sun shiga wasu ramukan, wasu kuma babu komai. Sai ga wata shuɗiyar waya doguwa, baki ɗaya yana cikin akwatin, ɗaya bakin kuma yashe a ƙasa, daidai inda Yagana take bi in ta farka.

Na tsaya ina kallonta, raina yana ɓaci. Wato manyan mutane masu digiri, a bar waya haka a ƙasa kamar ba ta da gida? Na ɗauki bakin na duba. Na dubi ramukan akwatin. Iri ɗaya ne sak. Ga baki babu rami, ga rami babu baki. Ko yaron goye ya san amsar wannan. Na hure ƙurar, na yi bismilla, na tura shi ciki.

Nan take fitilun akwatin suka kama ƙyaftawa gaba ɗaya, da sauri da sauri, kamar fitilun gidan biki. Da can ɗaya-ɗaya suke yi kamar masu jin barci. Na ce a raina, ka ga abin da ake cewa gyara, har ya ji daɗi. Na naɗe ragowar wayar na tura bayan tebur, na goya 'yata na fita ina jin kaina kamar na ceci kamfani.

Ban gama share barandar ba na ji Malam Sale mai sikeli yana ƙwala kira wai kwamfutarsa ta ƙi fitar da takardar awo. Sai na ofishin kuɗi suka fito, su ma tasu ta tsaya. Kafin hantsi motocin shanshera, shinkafar da ba a casa ba, sun yi layi tun daga sikeli har bakin titi, manoma sun sauko suna fifita da huluna, direbobi suna danna oda kamar oda ce za ta gyara. Manaja ya fito da waya a kunne biyu.

Madam ta shigo da gudu. Da yake jiya da yamma ta taɓa ƙofofin nan nata, ita da kowa suka ɗauka daga nan matsalar take. Ta zauna gaban doguwar durowar tana ta danne-danne, ta rufe abin da ta buɗe, ta sake buɗewa, ta kira Ya Modu a waya.

"Modu, karanto mini lambar da ka sa. A'a, a hankali. Ka tabbata yaren da na ce ka zaɓa shi ka zaɓa? Akwai biyu a wurin, na sama da na ƙasa."

Ni kuma ina gefe ina tausaya mata. Na je na sayo mata zoɓo mai sanyi da kuɗina. Na ce, "Sannu Madam, Allah ya kawo mafita." Ta ce, "Amin, Maman Yagana, ke kaɗai ce mai tausayina a gidan nan." (Duk lokacin da na tuna wannan maganar sai in ji kamar in shige cikin buhu a ɗinke.)

Wajen la'asar, Madam ta gaji ta miƙe ta ja teburin gefe don ta kai hannu bayan durowa. Ashe ɗan harshen da ke riƙe bakin wayar tawa a karye yake, jan teburin ya sa ta zame ta faɗo. Ba wanda ya gani, ni ma sai daga baya na haɗa lissafin. Kuma a daidai lokacin ne ta ce wa Ya Modu ya kashe na'urarsa ta Nguru ya sake kunnawa. Yana kunnawa, komai ya dawo. Sikeli ya fara fitar da takarda, manoma suka yi hamdala.

Manaja ya ce, "Ashe daga Nguru ne." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, ina jin kunyar abin da yayana ya jawo.

Da safe na dawo, na durƙusa ƙarƙashin tebur, me zan gani? Wayar nan a ƙasa kuma. Fitilun sun koma barcinsu. Wallahi sai da na yi magana ni kaɗai. Na ce wato mutum ya gyara, a zo a ɓata, don an ga ba shi da takardar makaranta. Na mayar da ita, ta zame. Na sake mayarwa, ta sake zamewa. Na ce to, ni da ke ne. Na kama gefen zanen goyon Yagana, wata atamfa ruwan goro mai zanen kifi da aka yi mana anko da ita a bikin ƙanwarmu, na yage siririn ƙyalle da haƙori. Na tura wayar, na ɗaure ta da 'yar'uwarta ta kusa, na yi mata ƙullin Baba. Na ja, ko motsi. Fitilu suka kama rawa. Na ce yawwa, yanzu a zo a cire in gani.

Abin da ya biyo baya ya fi na jiya muni, don wannan karon babu teburin da zai cece su. Aka kashe na'urar Nguru aka kunna har ta gaji, shiru. Malam Sale ya koma rubuta awo da biro, manoma suna gardama da shi a kan kowane buhu. Wasu motocin suka juya suka tafi wani kamfanin. Madam ta shiga motar haya ta tafi Nguru cikin ranar nan don ta ga ƙofofin Ya Modu da idonta. Manaja kuwa ya tsaya a tsakiyar baranda ya faɗa da ƙarfi, don kowa ya ji: "Duk wanda ya jawo mana wannan asarar, ko ɗan wane ne, ya ajiye mana aikinmu."

In aka kori Ya Modu, ni da aka ɗauka albarkacinsa ina zan tsaya? Na laɓe bayan tankin ruwa na kira shi. Maimakon in lallashe shi, faɗa na kama yi masa.

"Ya Modu, don Allah ka riƙa natsuwa in ana koya maka abu. Lamba ce fa kawai aka ce ka sa."

"Ke, ni za ki koya wa aikina? Abin da ta ce shi na sa."

"To me ya sa ya ƙi? Mu nan ɓangarenmu tsaf yake, ni nake kula da ɗakin da hannuna."

Ya kashe wayar. Na ce ka ji shi, ga laifi ga zafin kai.

Washegari Madam ta dawo tare da shi, don Manaja ya ce a zo da shi. Ta rame a kwana ɗaya, idonta ya yi ja. Ya Modu ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, irin shigar mutumin da ya san za a kore shi yana so ya fita da mutuncinsa. Aka taru a ɗakin sanyi: Manaja, Madam, Ya Modu, Malam Sale a bakin ƙofa. Ni kuma na shigo da tiren ruwa, Yagana a bayana, don in ji yadda za ta kaya.

Madam ta ce, "Oga, na duba na Nguru ɗaya bayan ɗaya. Ƙofofinsa daidai suke, yaren daidai. Na nan ma daidai. Saƙon ne ba ya samun hanyar wucewa, kamar wani abu ya cika hanyar da surutu."

"Ni ban san surutu ba," in ji Manaja. "Shekaranjiya da ya kashe ya kunna ai ya yi. Wani dai ya taɓa wani abu."

Ya dubi Ya Modu. Ya Modu ya sunkuyar da kai. To a nan ne bakina, wanda ba a tambaye shi komai ba, ya ga ya kamata ya taimaka.

Na ajiye tiren na ce, "Yallaɓai, a gafarce ni. Yayana ba ya wasa da aiki. Wannan abin hannun maƙiya ne, an ga kamfani yana ci gaba. Duk wanda ya yi mana wannan, Allah ya tona asirinsa a gaban jama'a."

Manaja ya ce amin. Malam Sale ya ce amin. Har Madam ta ce amin.

Da na tsaya a nan, da wataƙila na samu ƙarin kwana ɗaya da mutuncina. Amma da na ji an amsa mini, sai na ƙara samun ƙarfi. Na ce, "Don na'urorin ɗakin nan dai lafiyarsu ƙalau, kullum ina duba su. Ƙaramin can na ƙarƙashin tebur ma ya fi kowa ƙoƙari, fitilunsa ko hutawa ba sa yi."

Madam ta juyo a hankali. "Wane ƙarami?"

Na nuna mata da alfaharina.

Ta durƙusa, ta haska fitilar wayarta. Sai ta kama shuɗiyar wayar daga baki ɗaya, ta bi ta da hannu, ta zagaya bayan tebur, ta warware naɗin da na yi, ta bi, ta bi, har hannunta ya dawo kan akwatin da ta baro. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta cire tabarau.

"Oga, ga surutun. Wayar da nake sa wa kwamfutata ce in ina aiki a nan. An ɗauki bakinta an mayar cikin akwatin da ta fito. Saƙo ya fita ta wannan rami, ya dawo ta wancan, akwatin ya ɗauka sabo ne ya sake shelanta wa kowa, ya sake dawowa. Ka san yadda lasifika take kuka in an kai makirfo bakinta? Shi ke nan. Tun shekaranjiya na'urorinka ihu suke yi wa juna, ba mai jin wani."

A lokacin ne na gane gyarana ne ya jawo komai. Na fara ja da baya a hankali, amma Malam Sale ya cika ƙofar.

Madam ta ja wayar, ta ƙi fita. "Har ɗaure ta aka yi." Ta sa farce, ta sa haƙori, ƙulli ya ce bai san zance ba. "A ba ni almakashi."

Ya Modu ya leƙa. Na ga lokacin da fuskarsa ta canja. Ya durƙusa da farar shaddarsa, ya sa yatsa biyu ya taɓa inda ake taɓawa, ƙulli ya warware kamar ba a taɓa yin sa ba. Wayar ta faɗo. Fitilu suka lafa. Daga waje muka ji na'urar sikeli ta fara fitar da takardun da suka maƙale mata.

Manaja ya dube shi. "Modu, ya aka yi ka iya kwance shi haka? Kai ka ɗaura ke nan?"

Ya Modu ya miƙe tsaye. Yana riƙe da ƙyallen a tafin hannunsa, ya dunƙule shi don kada a gani. Wato yayana, wanda na yi wa faɗa jiya a bayan tanki, yana shirin ɗaukar laifin da mutumin da yake Nguru ba zai iya yi a Gashuwa ba ko da aljani yake aiki.

Na ce, "Yallaɓai." Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta ɗan tsako ce. "Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na sa. Ta faɗo, na sake sawa. Na ga bakinta a ƙasa ne, na ce kada a bar ta haka."

Ya Modu ya buɗe hannunsa. Ga ƙyalle ruwan goro da rabin kifi a jiki. Duk ɗakin suka dubi ƙyallen, suka dubi zanen da ke bayana, inda ɗaya rabin kifin yake a gefen da ya yage. Yagana kuwa tana barcinta, ta kwantar da kumatu a kafaɗata, yarinyar da na yi wata da watanni ina tsare kamfani daga sharrinta. Ko tsinke ba ta taɓa ba.

Malam Sale ne ya fara magana, daga bakin ƙofa, cikin natsuwa kamar mai karanta awo. "Maman Yagana, ki riƙa sa mu a addu'a. Ban taɓa ganin wadda aka amsa da wuri haka ba."

Ba wanda ya yi dariya, don Manaja bai yi ba. Ya tsaya yana kallona, ni kuma ina kallon tayil ɗin da na fi kowa sanin fuskarsa. Ina lissafin yadda zan shiga gida in gaya wa mijina. Ina lissafin yadda labarin zai riga ni isa Nguru.

Madam ce ta riga shi magana, har yanzu tana zaune a ƙasa. "Oga, kafin ka yi magana. Ni na bar wayar a ƙasa. Kuma ramukan da ba a amfani da su ya kamata a ce na toshe su tun ranar da na zo, ban ma san da akwatin nan a lissafina ba, na ɗauka waya ce kawai ta fito daga bango. Sannan ba wanda ya taɓa gaya mata abin da za ta taɓa da wanda ba za ta taɓa ba. In kora ce, mu biyu ne."

Manaja ya ja dogon numfashi. Waje ana ta oda. Ya dubi agogo, ya dubi Ya Modu, ya ce, "Modu, ka yi haƙuri." Sannan ya juyo kaina. "Ke kuma, tsintsiyarki ta tsaya a baranda da ofisoshi. Ɗakin nan, ko gobara ce ta tashi, ki kira wani. Kin ji ko?"

"Na ji, Yallaɓai. Allah ya ƙara girma."

"Kada ki ƙara yi mini addu'a yau."

A nan ne dariyar ta ƙwace wa Malam Sale, ya fita da gudu.

Aiki dai ya tsaya mini, alhamdu lillahi. Amma ɗakin sanyi ya tafi, an sa masa kwaɗo, Madam ta liƙe kowane rami ta rubuta wa kowace waya suna. Yagana ta koma barci a gindin darbejiya kusa da maigadi, ƙurajen zafi suka feso mata a wuya, tana kuka tana kallona kamar ta san wanda ya jawo mata. Manhajar ta kama aiki, an ce har ta gaya wa Manaja siton Nguru zai cika kafin ƙarshen girbi. Ni ba a nuna mini ba. Daga direbobi har masu dako kuwa babu mai kirana Maman Yagana yanzu, sai Injiniya. In fanka ta tsaya a ofis sai ka ji an ce, "A tambayi Injiniya ko ta yi gyara da safe." Ya Modu ya yi kwanaki ba ya ɗaga wayata, da ya huce kuma sai ya kai labarin gida, ya ƙara masa gishiri. Baba da ya ji, tambaya ɗaya ya yi: ƙullin ya kwance da kansa? Aka ce a'a. Ya ce to madalla.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da na gani a yashe ne yake jiran taimakona ba. Wani abin haka masu shi suke son sa, ko da ganinsa yana sa ni ƙaiƙayin hannu. Yanzu in na ga waya a ƙasa sai in zagaye ta kamar na ga kunama, in sa hannuwana biyu a baya, in je in kira mai ita.

Roƙona gare ku masu aiki da wayoyin nan, a ofis ne ko a shago ko a asibiti: don Allah in kun gama ku ɗage su sama. In kuma dole sai sun kwana a ƙasa, ku kira mai sharar wurin, ku nuna mata da yatsa, ku ce wannan kada ki taɓa. Ba za ta ji haushi ba. Ku gaya mata tun kafin ta gyara muku.